Daga "Kabari Kusa" Zuwa Furfura: Tarihin Zama da Cutar Ƙanjamau a Dakko da Kewayenta

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da dattawan ƙasar Bakura, da Talata Mafara, da Maradun, zai lura cewa da yawa daga cikin shekarun da suke lissafi da su, shekarun annoba ne. Sukan ce an haifi wane shekarar agana, wance kuwa an yi mata aure bayan sanƙarau. Agana ta tafi, domin a shekarar 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Sanƙarau kuwa yakan zo da zafin bazara ya yi ɓarna ya wuce, kamar yadda ya yi a 1996 da kuma 2017. Amma akwai wata cuta da ta shigo ba tare da an iya cewa ga shekararta ba, ta kuma zauna har yau, wato ƙanjamau.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan cuta tun daga bayyanarta, ta nuna yadda ta tashi daga ciwon ajali ta koma ciwon da ake tsufa da shi, sa'annan ta bayyana matsalolin da masu ɗauke da ita suke fuskanta bayan shekara goma sha biyar ko ashirin suna shan magani. An ɗauki Dakko, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bakura, a matsayin madubi, domin abin da ya sami mutumin Dakko shi ne ya sami mafi yawan mutanen karkarar yammacin Zamfara. Dalilin rubutun kuwa shi ne, magani ya yi nisa, amma abin da jama'a suka riƙe game da cutar yana nan inda aka bar shi shekara talatin da suka wuce, kuma wannan tsohon sani yana cin rayuka.

Asalin cutar da bayyanarta

A watan Yunin 1981 ne likitoci a Amurka suka ba da rahoton wasu samari biyar a birnin Los Anjalis waɗanda suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba ya kama mai ƙoshin lafiya. A 1983 masana a Cibiyar Fasto ta birnin Faris, a ƙasar Faransa, suka gano ƙwayar da ke haddasa wannan rauni, wadda a 1986 aka sa wa suna HIV. Bincike na baya ya nuna cewa cutar ta girmi waɗannan shekaru nesa. Asalinta wata ƙwaya ce ta manyan birai a dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru, wadda ta tsallaka zuwa ga mutane a farkon ƙarni na ashirin, ta bi kogi da jirgin ƙasa ta yaɗu a birnin Kinshasa. An sami ƙwayar a cikin wani jini da aka ɗiba a wannan birni tun 1959.

Aikin ƙwayar a jiki shi ne cinye wasu ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda likitoci ke kira CD4. Mai lafiya yakan sami tsakanin 500 zuwa 1,500 daga cikinsu a ɗan ma'aunin jini da ake gwadawa. Idan suka sauka ƙasa da 200, garkuwa ta karye, sai cututtukan da a da jiki ke korewa su sami ƙofa. Wannan yakan ɗauki kimanin shekara takwas zuwa goma idan ba a sha magani ba, kuma a mafi yawan wannan lokaci mutum yana noma, yana kasuwa, yana aure, babu wata alama a jikinsa. Wannan jinkiri shi ne ya sa cutar ta yi nisa kafin a farga da ita.

A Nijeriya an fara gano ta a Legas a 1985, aka bayyana wa duniya a 1986. Shekarar ta zo daidai da fara shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da asibitoci suka rasa magani da kayan aiki, ana tafasa allura ɗaya a yi wa mutane da yawa, ana kuma ƙara wa majinyaci jinin da ba a tantance ba.

Shekarun musu da tsoro

Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ba ta taɓa zama a rufe ba. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa ta, kasuwar Talata tana tara fatake daga nesa, aikin madatsar ruwa ta Bakolori da aka yi tsakanin 1974 da 1978 ya jawo ma'aikata da leburori daga sassa da dama, sa'annan ga al'adar cin rani wadda ke kai samari Legas da Ibadan da Fatakwal bayan an kai amfanin gona gida. Duk hanyar da arziki ya bi ya shigo, ciwo ma yana iya bin ta. Ga kuma askar wanzami guda wadda ake kaciya da ƙaho da cire belu da ita, da masu yawon yin allura a ƙauyuka.

Da farko jama'a ba su yarda akwai cutar ba. Wasu suka ce ciwon Turawa ne, wasu suka ce na mutanen kudu ne. Idan magidanci ya dawo daga cin rani yana ramewa, ga gudawa ga tari ga ƙuraje, sai a ce sammu ne, ko maita, ko basir ya ci ƙarfinsa. A kai shi wurin mai magani, a sayar da akuya da hatsi, daga ƙarshe ya rasu. Bayan shekara biyu ko uku matarsa, wadda wataƙila ta riga ta sake aure, ita ma ta bi shi, da jaririnta. Sunayen da aka ba cutar sun nuna yadda aka gan ta. Ƙanjamau daga ƙanjamewa ne, wato ramewa har ƙashi ya fito. A bakin matasa kuwa sunanta "kabari kusa". Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna kiran ta sida.

Abin da ya girgiza masu musu a ƙasa baki ɗaya shi ne rasuwar mawaƙi Fela Anikulapo Kuti a ranar 2 ga Agusta, 1997, lokacin da wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito fili ya ce ƙanjamau ce ta kashe shi. Alƙaluman gwajin mata masu zuwa awon ciki sun nuna yadda abin ya hau: kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, kashi 5.4 a 1999, har zuwa kashi 5.8 a 2001.

A cikin waɗannan shekaru ne aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ranar 1 ga Oktoba, 1996, sa'annan aka fara aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairun 2000 a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. An rufe gidajen karuwai da mashaya. Sai dai a zukatan mutane da yawa cutar ta ƙara haɗuwa da zina, alhali kuwa cikin masu ɗauke da ita akwai matan aure da ba su taɓa sanin kowa ba sai mazajensu, da waɗanda aka ƙara wa jini, da jariran da aka haifa da ita. Saboda haka wanda ya ji alamar ciwo sai ya zaɓi ya mutu da sirrinsa. Rashin yarda da maganin asibiti shi ma ya yi tasiri. A 2003, lokacin da Zamfara da Kano da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, cikin jita-jitar da ta yaɗu har da cewa an sa ƙwayar ƙanjamau a cikin ɗigon, abin da gwaje-gwaje ba su tabbatar ba.

Zuwan magani

Maganin farko, AZT, ya fito a Amurka a 1987, amma shi kaɗai ba ya daɗewa yana aiki. A 1996 aka tabbatar da cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar har majinyaci ya tashi daga kan tabarma. Sai dai kuɗinsa ya kai dala dubu goma a shekara, don haka Afirka ta ci gaba da binne mutanenta har sai da kamfanonin Indiya suka fara yin irinsa da araha.

Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa kwamitin yaƙi da cutar, NACA, a 2000, wanda ya zama cikakkiyar hukuma a 2007. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. A 2002 aka fara raba magani a cibiyoyi 25, da nufin kai wa ga manya 10,000 da yara 5,000, majinyaci yana biyan naira 1,000 a wata. Mafi yawan cibiyoyin asibitocin koyarwa ne a manyan birane, don haka mutumin Dakko sai ya nemi kuɗin mota zuwa Sakkwato ko Zariya ko Kano, ban da kuɗin gwaji da na kwana. Ƙalilan ne suka iya. Su ma maganin ya yanke musu na tsawon watanni a ƙarshen 2003.

Sauƙi ya zo ne da kuɗin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, da kuma shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2004. Daga 2006 magani ya zama kyauta, aka kuma riƙa faɗaɗa shi zuwa Gusau da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. A 2016 Nijeriya ta ɗauki tsarin fara wa mutum magani da zarar gwaji ya nuna yana da ƙwayar, ba tare da jiran ya kwanta ba. Daga wajen 2018 aka koma ga ƙwaya ɗaya tak a rana, mai ɗauke da dolutegravir da wasu magunguna biyu.

Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya. Yankin arewa maso yamma, inda Zamfara take, shi ne mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Wannan abin godiya ne, amma yana da nasa nauyin: inda masu ciwo suka yi kaɗan, kowannensu yakan ɗauka shi kaɗai ne.

Matsalolin doguwar rayuwa da cutar

Wanda ya fara magani a 2006 yana ɗan shekara 35, yau ya haura hamsin, yana aurar da 'ya'ya, wataƙila da jikoki. Wannan shi ne rukuni na farko a tarihin ƙasarmu da ya yi furfura da wannan cuta. Maganin yana danne ƙwayar, ba ya fitar da ita, domin tana ɓuya a wasu sassan jiki, kuma idan aka daina sha takan dawo cikin 'yan makonni. Matsalolin da ke tattare da wannan dogon zama iri huɗu ne.

Na farko, tabon tsofaffin magunguna. Stavudine, wanda aka fi bayarwa a shekarun farko, yakan zuƙe kitsen fuska da hannuwa har kumatu su lotsa, ya kuma lalata jijiyoyin ƙafa, mutum ya riƙa jin zafi kamar ya taka barkono, ko kuma ƙafar ta mutu. An daina ba da shi bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2010, amma wanda ya riga ya sami lahanin sau da yawa yana tare da shi. AZT yakan rage jini, nevirapine kuwa yakan kawo ƙuraje ya taɓa hanta.

Na biyu, cututtukan da ke jiran garkuwa ta yi rauni. Babbansu tarin fuka, wanda har yau shi ne ya fi kashe masu ƙanjamau a duniya. Tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da zufar dare, da ramewa, dalili ne na zuwa gwaji, kuma maganinsa kyauta ne. Akwai kuma wani nau'in sanƙarau da ke farawa da ciwon kai mai tsanani, wanda ya fi kama waɗanda suka bar magani suka dawo a makare. Mata masu ɗauke da ƙwayar sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin sankarar bakin mahaifa, don haka duba mahaifa lokaci-lokaci wajibi ne a gare su. Tun watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin wannan sankara.

Na uku, cututtukan tsufa, waɗanda kan zo wa mai ƙanjamau da wuri, saboda ko an danne ƙwayar jiki yana cikin wani ɗan faɗa da ita kullum. Daga ciki akwai hawan jini, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da raunin ƙashi. Tenofovir, wanda ke cikin ƙwayar yau, yana iya taɓa ƙoda, dolutegravir kuma yakan sa wasu ƙiba. A nan akwai haɗari na musamman ga manomi mai aikin rani a fadamun Bakolori, wanda ke yini cikin rana ba ya shan isasshen ruwa, da yamma kuma ya sayi maganin ciwon jiki a kemis ko wurin masu talla, irin su diclofenac, waɗanda su ma suna cin ƙoda. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Maganin ƙarin jini da maganin ruwa na gyambon ciki suna hana dolutegravir shiga jiki idan aka sha su tare ba bisa ƙa'ida ba, don haka ya kamata ma'aikacin lafiya ya san duk abin da majinyaci ke sha. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuwa, wannan ƙwaya tana danne masa cuta biyu ne, idan ya daina sha hantar tana iya tashi da ƙarfi.

Na huɗu, ciwon zuciya irin na ɓoye. Mutum ya shekara ashirin yana ɓoye kwalbar magani a cikin rufin ɗaki, yana wuce asibitin da ke kusa ya tafi mai nisa don kada a gan shi, yana ƙirƙiro wa iyalinsa dalilin tafiya. Wannan gajiya takan kai wasu ga damuwa mai tsanani, wasu kuma ga barin magani. Cikin masu wannan nauyi akwai yaran da aka haifa da ƙwayar a farkon shekarun 2000, waɗanda yanzu suka isa aure, wasunsu marayu, suna shan magani tun suna firamare ba tare da an gaya musu na mene ne ba.

Aure da haihuwa

Tambayar da ta fi zuwa gaban dattawa da limamai ita ce ta aure. Bincike na 2011, da wasu da suka biyo baya har zuwa 2019, ya tabbatar da cewa wanda ke shan magani har gwaji ya kasa ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Uwa da ba ta shan magani tana iya sa wa jaririnta, tsakanin 15 zuwa 45 cikin ɗari, amma da magani tun daga ciki har yaye, adadin yana sauka ƙasa da 5. Matsalarmu ita ce yawancin matan karkara a gida suke haihuwa, da yawa ba su zuwa awo, shi ya sa Nijeriya take cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa.

Jihohin arewa sun gwada hanyoyi. A Bauci, tun wajen 2008, hukumar yaƙi da cutar ta riƙa haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ita. A Kano, auren zawarawa da Hisba ta fara a 2012 ya zo da sharaɗin gwaji, sa'annan a 2024 jihar ta yi dokar gwaji kafin aure. Gwaji alheri ne, musamman inda ake da kishiyoyi da yawan saki da sake aure, muddin sakamakon ya tsaya tsakanin waɗanda abin ya shafa. Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda yana ɗauke da ƙwayar.

Abin da ke yanke magani a yau

Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a wannan magani ba ƙin tashi ne mafita ba, dagewa ce. Wanda ke sha yana tsallakewa yana koya wa ƙwayar yadda za ta gagari maganin, sai a koma da shi kan wani mai tsada da wuyar samu. Abubuwa biyu ne suka fi barazana ga wannan dagewa.

Na ɗaya rashin tsaro. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, suka tashi ƙauyuka, suka sa an rufe ƙananan asibitoci da yawa. Sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, a watan Fabrairun 2021, ya nuna inda abin ya kai. A watan Satumban wannan shekara aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai na tsawon makonni. Wanda ya saba fakewa da cin kasuwar Talata don ya karɓo maganinsa ya rasa mota, ya rasa waya, ya kuma rasa hujjar fita. Wanda ya gudu daga ƙauyensa da dare kuwa, ba katin asibiti ne farkon abin da zai ɗauka ba. Tsarin ba da maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda ya rage wannan wahala.

Na biyu dogaro da kuɗin waje. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. An ci gaba da raba magani, amma ayyuka da yawa na gwaji da bin sawun majinyata sun tsaya. A watan Fabrairu Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka sauke ta da wuri zai kwana da yunwa, kuma alkawarin Abuja na kashi 15 Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba.

Kammalawa

Ƙasarmu ta taɓa ganin irin wannan. Akwai lokacin da ake ware kuturu a bayan gari, a raba masa ƙwarya, wasu a kai su Amanawa kusa da Sakkwato. Maganin kuturta ya zo, cutar ta ja baya, amma ƙyamar ta daɗe bayansa, har ta hana wasu fitowa neman magani sai da yatsunsu suka gutsure. Ƙanjamau tana kan wannan mataki a yau. A 2024 mutum sama da miliyan 31 ne ke shan maganinta a duniya, kuma wanda ya fara da wuri ya dage yana iya kai shekarun da tsaransa suka kai.

Aikin da ya rage na malamai ne da dattawa. Malami ya koyar da abin da aka sani yau: ba a ɗaukar cutar ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko buta, ko cizon sauro, kuma ɗalibin da ke shan magani amana ne a hannunsa. Dattijo kuwa ya sa matan gidansa su je awo, ya nemi wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane yaro, ya tsawata wa masu yi da mutane a majalisa, ya kuma tuna wa ɗan'uwansa mai shan magani cewa ya riƙa auna jini da suga da ƙoda kamar kowane mai shekaru. Wanda ƙaura ta raba da asibitinsa a taimaka masa ya kai kansa mafi kusa, ko da babu kati a hannunsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara.